ZARE: Zanen da ya kashe rigimar siton Baffana a Lajawa 🧵

1/ Da yawa daga cikin kasuwancin gidajenmu suna da jari, suna da kwastomomi, amma tsarin aikin kaf yana cikin kan mutum ɗaya. Ran da ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo, kowa sai ya yi abin da yake zaton shi ne daidai. Yau zan ba ku labarin wani zane da ake kira BPMN. Ku gyara zama, zaren da tsawo.

2/ Ni ɗan Lajawa ne, ƙaramar hukumar Wudil. Baffana harkar hatsi yake yi. Da kaka ya sayi masara, dawa, gero da wake a hannun manoma, ya zuba a sito, daga baya ya sayar wa 'yan kasuwa, wasunsu daga Dawanau suke zuwa. Yaya, wato babban ɗansa, shi ke kula da sito da lodi. Ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya shi ke riƙe littafi.

3/ Shekara da shekaru ciniki kuɗi hannu ne. Ka ƙirga, na ƙirga, a loda maka. Sai ga Babban Bankin Najeriya a Oktoban 2022 ya ce zai sauya fasalin ₦200, ₦500 da ₦1000. Kun tuna yadda farkon 2023 ya kasance. Takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, har ƙauye aka koma tiransifa da POS ba shiri.

4/ Wata Juma'a Baffa ya tafi kasuwar Wudil. Wani baƙo ya zo da mota, aka yi cinikin buhu 15 na masara. Ya nuna wa ƙanina hoton rasit a waya. Ƙanina ya rubuta "an biya". Yaya ya leƙa littafi ya ga an biya, ya sa 'yan dako suka yi lodi. Wayar da alat ke shiga kuwa tana aljihun Baffa a Wudil.

5/ Magariba ta yi, ba alat. Aka ce sabis ne. Gari ya waye, ba alat. Aka kira lambar mutumin, a kashe. Har yau ɗin nan da nake rubutu.

6/ Asarar ta yi ciwo, amma abin da ya biyo baya ya fi ta. Yaya ya ce ƙanina ne ya rubuta abin da bai tabbatar ba. Ƙanina ya ce ba wanda ya taɓa ce masa aikinsa ne duba banki, kuma da me zai duba? Magana ta shiga cikin gida, iyaye mata suka ji. Mutanen da suka tashi a kwano ɗaya suka koma gaisuwa daga nesa.

7/ Ni kuma lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas cur muna zaune, na ɗan koyi zanen tsarin aiki a intanet. To mene ne BPMN ɗin? Wasu alamomi ne da aka yi ittifaƙi a kansu a duniya don zana yadda aiki ke tafiya: ina ya fara, wa ke yin me, ina ake yanke shawara, ina ya ƙare.

8/ Tunanin ya daɗe. A 1921 Frank Gilbreth da matarsa Lillian suka gabatar wa ƙungiyar injiniyoyi a Amurka hanyar zana matakan aiki a takarda. Shi Frank da aikin jera bulo ya fara. Ya lura kowane magini da yadda yake motsa hannunsa, wani motsin kuma wahala ce kawai ba ta ƙara komai.

9/ BPMN kansa a 2004 ya fito, Stephen White na kamfanin IBM na cikin jagororin aikin. Daga 2005 ƙungiyar OMG ke kula da shi. Bugu na 2.0 ya fito a 2011, a 2013 kuma ya zama ma'aunin duniya mai lamba ISO/IEC 19510. Bankuna da kamfanonin inshora da ma'aikatu na amfani da shi.

10/ Kundinsa ya haura shafi 500, amma kar wannan ya tsorata ku. Alamomi shida suka ishe mu a sito:

○ Da'ira mai siririn baki: nan aiki ya fara.
◉ Da'ira mai kaurin baki: nan ya ƙare.
▢ Akwati mai lanƙwasassun kusurwa: aiki guda da wani zai yi.

11/ ◇ Daimon: mararraba, inda hanya ke rabuwa. In da X a ciki, hanya ɗaya tak za a bi. In da +, duka za a yi a tare.
→ Kibiya mai cikakken layi: abin da ke biye.
⇢ Kibiya mai tsinke-tsinke: saƙo tsakaninku da wani na waje, kamar mai saye ko banki.

12/ Sai abin da ya fi komai amfani a wajena, wato layuka. Za ka ja babban fili, shi ne kasuwancinku, ka raba shi layi-layi kamar kuyoyin gona. Kowane layi na mutum ɗaya ne ko muƙami ɗaya. Duk akwatin da ka zana dole ya zauna a layin wani. Aiki ba ya tsayawa a iska.

13/ Na sami Baffa bayan la'asar na ce, "Baffa, in kun ba ni dama ina so in zana yadda ake sayar da kaya a siton nan." Ya kalle ni ya ce, "Kai ɗan nan, zane ne zai dawo min da masarata?" Na ce ba zai dawo da ita ba, sai dai ya tsare ta gaba. Ya yi shiru, can ya ce in yi.

14/ Kwali na samo da maka. Na tambayi kowa shi kaɗai: daga shigowar mai saye zuwa tashin mota, me ke faruwa? Mutum uku, labari uku. Baffa ya ce ai sai ya ga kuɗi ake lodi, kowa ya sani. Yaya ya ce shi littafi yake bi. Ƙanina ya ce shi abin da aka nuna masa yake rubutawa.

15/ Ku lura, ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. A zamanin kuɗi hannu, ganin kuɗi da rubuta "an biya" abu ɗaya ne, a daƙiƙa ɗaya ake yinsu. Tiransifa ce ta raba su gida biyu, ta haifar da sabon mataki a tsakani. Matakin nan sabo ba a taɓa zama an ba wa kowa shi ba.

16/ Na zana: da'ira, mai saye ya zo. Akwati a layin Baffa, yin ciniki. Akwati a layin Yaya, awo da ɗinke buhu. Kibiya mai tsinke-tsinke daga mai saye, hoton rasit. Sai na zana akwatin "tabbatar kuɗi sun shiga asusu", na riƙe maka a sama na ce, a layin wa zan sa wannan?

17/ Wallahi wurin ya yi tsit. Baffa ya ce nasa ne. Yaya ya ce, "To Baba, ran Juma'a fa da kuke Wudil?" Ƙanina bai ce uffan ba, amma na ga ya saki ajiyar zuciya. Karo na farko cikin sati biyu ana maganar buhu 15 ɗin nan ba a nuna kowa da yatsa ba. Kwali ake nunawa.

18/ Wannan shi ne abin da nake so ku ɗauka a zaren nan. In ka ce wa mutum "kai ka jawo", zai kare kansa ko da gaskiyarka. In ka ce "akwatin nan ba shi da mai shi", sai ya matso ku duba tare. A gidajenmu da yaro ba ya iya ce wa babba ya yi kuskure, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

19/ Ga yadda muka gyara. Bayan awo akwai mararraba: kuɗi hannu ne ko tiransifa? In hannu ne, ƙanina ya ƙirga ya rubuta. In tiransifa ce, sai wata mararraba: an ga kuɗin a cikin manhajar banki? Hoton rasit ba ya cikin lissafi, saƙon tes ma haka, tunda ana ƙirƙirarsa. In e, a yi lodi. In a'a, kaya na nan a sito.

20/ Tabbatarwar tana layin Baffa. In ba ya nan, ƙanina zai kira shi, sai ya ji daga bakinsa ya duba sun shiga kafin ya rubuta "an biya". Yaya kuma ba ya taɓa buhu sai ya ga rubutun da sa hannu. Kun ga kowa ya san inda nasa ya fara da inda ya tsaya.

21/ Wani zai ce, to me ya sa sai alamomin Turawa? Ba sai ka yi zanenka yadda ka ga dama ba? Za ka iya. Amma kai kaɗai za ka iya karanta shi. Direban da ya taso daga Maraɗi ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane jar danja a Kano. Amfanin alamar da kowa ya yarda da ita ke nan.

22/ Na gani da idona. Na ɗauki hoton kwalin na tura wa wani abokina mai haɗa manhajoji a Zariya. Bai taɓa zuwa Lajawa ba, ban kuma yi masa bayanin komai ba. Cikin minti kaɗan ya turo: "Malam, hanyar 'a'a' ɗinka ba ta kai ga da'irar ƙarshe ba. In kuɗin ba su shigo ba har dare, sai me?"

23/ A ƙa'idar zanen, kowace hanya ya kamata ta kai wani ƙarshe. Sai muka ƙara alamar agogo a cikin da'ira, wadda ke nufin jira na ƙayyadadden lokaci. In la'asar ɗin gobe ta yi ba kuɗi, ciniki ya warware, kaya sun koma kasuwa. Mai saye na gaskiya da sabis ya ci amanarsa ya san matsayinsa tun farko.

24/ Inda aka kai ruwa rana shi ne maganar mutunci. Baffa ya ce yana da mutanen da suka fi shekara ashirin suna hulɗa. "Yanzu Alhaji ya aiko mota in ce masa sai na ga alat? Da wane ido zan kalle shi?" Gaskiyarsa kuwa. Kasuwar hatsi da amana take tafiya, zanen da ya yi watsi da wannan kwandon shara zai ƙare.

25/ Sai muka ba amanar gurbinta a zanen. Mararraba tun daga farko: sunansa na cikin jerin amintattu? In e, a loda masa, a rubuta bashi da ranar biya. Jerin yana bayan littafi, Baffa kaɗai ke ƙara suna ko ya cire. Da ma ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take. Nan Baffa ya gyaɗa kai.

26/ Kar in yi muku kwaskwarima. Zane ba ya sa macuci ya tuba, kuma ba ya aiki in an rataye shi an manta. Sau biyu muna sake namu, na biyun lokacin da aka buɗe asusun kasuwanci daban da na Baffa. Amfaninsa shi ne ya nuna maka ramin kafin wani ya faɗa.

27/ Abin da ya fi min daɗi ya faru da azumin da ya biyo baya. Baffa ya kwanta jinya kusan sati uku. A da, sito rufewa yake yi ko a yi ta kiransa yana kan gado. Wannan karon aka ce layin Baffa ya koma hannun Yaya na wucin gadi, layin Yaya kuma wani ƙaninsa ya riƙe. Ciniki bai tsaya ba.

28/ In kana da shagon POS, ɗinki, sayar da kaya ta WhatsApp, ko kina yin cincin da kek na oda, gwada wannan a daren yau. Zaɓi aiki ɗaya tak, wanda ya fi jawo rigima. Zana yadda ake yin sa yanzu da gaske, ban da yadda kake fata. Tambayi masu yin aikin ɗaya bayan ɗaya.

29/ Sunan kowane akwati ya zama aikatau ne: "auna kaya", "kira mai oda", "duba asusu". Kowace mararraba ta zama tambaya mai amsar e ko a'a. Sannan ka nemi abu uku: akwatin da ba shi da layi, hanyar da ba ta da ƙarshe, da matakin da mutum ɗaya ne kawai a duniya ya iya shi.

30/ Biro da takarda sun isa. In kana son na kwamfuta, draw.io da bpmn.io kyauta ne. Ga 'yan makaranta kuma, ku sani akwai masu cin abinci da wannan sana'ar, su zauna da ma'aikata su zana aikinsu kafin a gina manhaja. Ba sai ka iya rubuta kod ba, sai dai ka iya tambaya da saurare.

31/ Siton gidanku ko shagon Mama ya isa wurin koyo, kuma su za su fara cin moriya. Wanda ya zana nasa ya ajiye hoton a ƙasan zaren nan, mu duba tare ko akwai hanyar da ta ɓace. A tura wa wanda ke riƙe da littafin gidanku. Allah Ya tsare mana dukiya da zumunci. 🤲