Zuwa ga Auta, Sabon Malamin Tanis

Auta,

Saƙonka ya iso, na yi dariya har da ƙwalla. Wato kai da ko ƙwallon tsumma ba ka iya tarewa a ƙofar gida, yau kai aka ɗora wa koya wa 'yan sikawut tanis. Ikon Allah! To, tunda ka tuna da tsohon ɗan tsintar ƙwallo, buɗe kunne.

Allon nan da ka ce za ka aro, bar wa masu shi. Yaron da ya ɗaura ƙyallen wuya ya fito ranar Asabar ba kwafar rubutu ta kawo shi ba. Ka danƙa musu raket tun da farar safiya. Doka uku ta ishe su a ranar farko: ƙwallo ta haye raga, ta sauka cikin layi, a mayar da ita kafin ta yi tsalle na biyu. Sauran sai gardama ta kaure sun juyo suna kallonka, a lokacin ne za ta zauna musu.

Kada ka ce sai ka samu fili irin na kulob. Na manya tsawonsa mita 23.77 ne, ɗan shekara takwas kafin ya kai gaban raga numfashi ya ƙare. Hukumar tanis ta duniya, ITF, tun 2012 ta hana a shirya wa 'yan shekara 10 zuwa ƙasa gasa da rawayar ƙwallon manya. Ka nemi jar ƙwallon nan mai laushi, wadda ba ta gudu. Fili mai tsawon mita 11 ya wadatar, raga kuma santimita 80. In babu raga, igiya da sanda biyu. Ai kun koya musu ƙulli, su ɗaure abarsu. Layi kuwa a ja da toka.

Lissafin shi ne zai ruɗa su. A makonnin farko su ƙirga ɗaya zuwa bakwai kawai. Daga baya ka kawo 15, 30, 40, sannan wasa. In an yi 40 da 40, sai wanda ya ci biyu a jere. Wanda ya fara cin wasa shida da tazarar biyu, zagayen nasa ne. Mai sabis ya faɗi maki da ƙarfi kafin ya buga, rabin rigima ta mutu ke nan.

Sabis daga bayan layi ake yi, a fara ta dama, a aika akwatin da ke ɗaya kusurwar. Dama biyu gare shi. In ta shafi raga ta faɗa daidai, a sake. Wanda hannunsa bai kai ba ya buga ta ƙasa, doka ba ta hana ba. Duk wanda ya yi masa dariya ka ba shi labarin Michael Chang, da ya yi wa Ivan Lendl irin wannan sabis a gasar Faransa ta 1989 yana ɗan shekara 17, kuma shi ya ɗauki kofin.

Ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Usur ɗin nan da kake ji da shi, bar shi a aljihu. Inda babu alƙalin wasa, kowa shi ke yanke hukuncin ƙwallon da ta sauka a ɓangarensa. In ta taɓa layi ko da gefe ne, ta shiga. In yana kokwanto, makin na abokin karawarsa ne. Dokar farko da Baden-Powell, uban sikawut, ya rubuta muku, wadda yaranka ke rerawa da yatsu uku a sama, a kan amana take. A nan za ka ga wanda ya ji ta. Ƙwallo za ta daki layi, toka ta ɗan tashi, yaro ya saci kallonka ya ga ko ka lura. In ya haɗiye yawu ya ce “ta shiga”, tsayar da wasan ka yaba masa a gaban kowa, ko da ana lallasa shi.

Kuma don Allah ka rage tsawa. Na san inda ka gado ta, kai ma ka sani.

In an tashi su gaisa a bakin raga. Sai dai ka ja musu kunne, musabahar hagu ta sikawut iyakarta fili. Kada wani ya je ya miƙa wa Liman hagu, a ce tarbiyyarka ce.

Lokacin gasar Dala Hard Court ka kwashe su su je kallo, tunda ga ta a Kano. Ka gaya musu ɗan Najeriya Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, Sadiq Abdullahi kuma ya buga wa Najeriya a Olamfik ta 1988.

Tsofaffin raket ɗina suna ƙarƙashin gadon Inna. Da ƙafarka za ka je, ba aike ba. Ta ce rabonta da kai tun ƙaramar salla, kuma ta riga ta san ba ɗauka kawai za ka yi ka fice ba, sai ka ci tuwo.

Allah ya yi riƙo da hannunka.

Naka,
Yaya