Kwana Bakwai Da Na Kasa Jira

Yau zan taɓo maganar da muke jin nauyinta, domin ni ta faru da ni.

Ina taya Baba tsaron shago a kusa da tashar mota ta Jabi. Tun kafin aurena nake jin zafin fitsari, na sayi Ampiclox wajen masu tallar magani a tasha, na sha kwana biyu, abin ya lafa. Bayan biki ya dawo, sai na je asibiti ni kaɗai. Da aka yi gwaji likita ya ce ciwon sanyi ne, irin wanda ake ɗauka ta saduwa. Ya yi mani allura, ya ba ni ƙwayoyi, ya ce: "Malam, ka kawo iyalinka a duba ta. Kuma ku haƙura da juna sai kwana 7 bayan kowannenku ya gama magani."

Jama'a, kunya ta hana ni gaya mata. A kwana na uku na ji garau, na ce ai magani yana jikina, me zai faru? Bayan sati uku ciwon ya dawo, ita kuma ta fara kuka da ciwon mara.

Da muka koma tare, likita ya ce daina jin zafi ba shi ne warkewa ba, kuma maganin da ke jikin miji ba ya warkar da matarsa. Mace takan ɗauki cutar ba alama, ta mayar wa mijin, in aka daɗe kuma hanyar ƙwanta ta toshe, haihuwa ta gagara. Nan jikina ya yi sanyi, don na san in shekara ta zagayo shiru, ita dangina na Katsina za su zarga, ba ni ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 82 ne suka kamu da wannan cuta a 2020, ga shi tana ƙara bijire wa magunguna, kuma irin shan da na yi wa Ampiclox yana cikin dalilan.

Na nemi gafararta, muka shanye magani tare, muka jira. Ɗan uwa, in likita ya ce ka kawo iyali, ka kawo ta. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu lafiya, amin.