Duma ko Zurma?

A shekarar 403 Miladiyya, Agustin, bishop na garin Hippo da ke cikin Aljeriya ta yau, ya rubuta wa malamin nan Jerom wasiƙa yana ba shi labarin hayaniyar da ta tashi a cocin Oea, wato Tarabulus ta Libiya. Kalma ɗaya tak ta jawo ta. Ana cikin karanta labarin Annabi Yunusa a sabuwar fassarar Latin da Jerom ya yi daga Ibrananci, da aka zo kan tsiron da ya yi wa Annabin inuwa, sai jama'a suka ji an sake masa suna. Su kuwa duma suka sani tun kaka da kakanni. Nan take wuri ya yamutse, har bishop ɗin garin ya ga in bai mayar da duman ba zai wayi gari ba kowa a bayansa. Abin ban dariya, masana da yawa a yau suna ganin tsiron ba duma ba ne, ba kuma abin da Jerom ya rubuta ba ne. Zurma ce.

Mu da sana'armu ke nan, juya kalmomi, bai kamata mu yi wa mutanen Oea dariya ba. Abin da kunne ya saba ji a wurin ibada, shi mutum ke tunawa ranar da ya rasa ɗa ko ya kwanta ciwo. Wanda ya taɓa shi, ko da gaskiya ya zo, sai ya shirya.

Rigimar da ta fi wannan zafi ta tashi ne a kan fassarar Ingilishi ta Sarki Jemis, wadda ta fito a 1611, kuma tushenta na can baya. A 1516 wani masani ɗan Holan, Irasmus, ya buga Sabon Alkawari da Girkanci a birnin Basel. Gaggawa yake yi, kuma kwafen hannu da ya samu ba su kai goma ba, akasarinsu na wajen ƙarni na 12 ne. Kwafin littafin Wahayi da ya ara ma ba shi da ayoyi shida na ƙarshe, saboda haka sai ya ɗauko su daga Latin ya mayar da su Girkanci da kansa. Akwai kuma wata jimla a Wasiƙar Yohanna ta Fari, sura 5, wadda ke ambaton Uba da Kalma da Ruhu a jere. Bai same ta a kwafen Girkancinsa ba, bai sa ta ba, aka yi masa ca, sai ga ta a bugu na uku a 1522. Daga zuriyar wannan bugu masu fassarar 1611 suka yi aikinsu.

Duk wanda ya yi zamanin kai labarinsa wurin mai tafireta ya san yadda irin wannan ke faruwa. Ka yi ɗan rubutu a gefen takarda domin tuna wa kanka wani abu, in an dawo maka da aikin sai ka tarar ya shige tsakiyar labari ya yi zamansa. To ina ga littafin da aka yi fiye da shekara dubu ana kwafa da hannu?

Ana nan sai wani Bajamushe, Tishandof, ya je gidan sufaye da ke gindin Dutsen Sina'i a 1844, ya koma a 1859, ya fito wa duniya da wani kwafi na fata da aka rubuta a ƙarni na 4. Shi da takwaransa da ke ɗakin karatu na Batikan, duka biyun sun ƙare Linjilar Markus a sura 16 aya ta 8, inda mata suka gudu daga kabari cikin tsoro. Ayoyi goma sha biyu na bayanta babu su. Labarin matar da aka kama da zina aka kawo wa Almasihu, wanda ke cikin Linjilar Yohanna, shi ma babu shi. Da sabuwar fassara ta fito a Ingila a 1881 tana jingina da waɗannan tsofaffin kwafe, sai gari ya ɗauka.

Kowane ɓangare da hujjarsa. Su Jon Bagon, babban limamin coci a Ingila wanda tun 1871 ya wallafa littafi guda don kare ayoyin Markus, cewa suke yi yaya za a yar da shaidar ɗimbin kwafe saboda biyu? Suna kuma tunatarwa cewa Irinawus ya kafa hujja da ɗaya daga cikin ayoyin wajen shekarar 180, tun ba a haifi marubutan kwafen biyu ba. Ɗaya ɓangaren ya ce ba a ƙidaya shaidu kamar tumaki. In mutum dubu sun kwafa daga takarda ɗaya, shaida ɗaya ke nan, kuma salon ayoyin bai yi kama da na sauran littafin ba. Wannan magana ta salo ta fi kama hankalinmu, domin marubuci bai iya ɓoye hannunsa.

A Amurka abin har ƙone takarda ya kai. Da wata fassara ta fito a 1952 ta sa "matashiya" a Ishaya 7:14, inda aka saba jin kalmar da ke nufin wadda ba ta san namiji ba, wani fasto a jihar Karolina ta Arewa ya cinna wa shafin wuta a bainar jama'a. Da a Hausa ne da wuya a ɓata ashana, tun da kalmar budurwa na ɗauke da ma'anonin biyu.

A ganinmu masu fassarar yau sun fi kusa da adalci. Yawancinsu ba su cire ayoyin Markus ba, ba su kuma yi shiru ba. Suna barin su a wurinsu, cikin baka ko a ƙarƙashin layi, da ɗan bayani cewa kwafe mafi tsufa ba su da su. Mai wa'azi kuwa, ran Lahadi, shi zai zaɓa, ko ya karanta har aya ta 20, ko ya tsaya inda matan nan suka gudu.