Sukuru Ɗaya a Gindin Fiffike

Lokacin da malamanmu suka shiga yajin aiki a 2022 (ba gori nake yi ba, Allah Ya huci zuciyarsu), zaman gida ya ishe ni, ni ma na ishi gida. Sai mahaifiyata ta ce in tafi Yamai wurin wanta, ko ya sama mini abin yi. Shi Kawun nan nawa tsohon bakaniken jirgin sama ne, a hannun Faransawa ya koyi sana'a tun yana saurayi. Na tarar an ba shi gyaran wani ɗan tsohon jirgi ƙirar Faransa mai suna Rallye, irin wanda ya fara tashi a 1959. Farfelarsa ɗaya, fikafikansa kuwa daga ƙasa suke manne da gangar jiki, kuma cikinsu tankunan mai suke.

Wata guda na yi ina share rumfa da miƙa sifana kafin ya yarda in taɓa jirgin. Aikin da ya fara ba ni shi ne mayar da wani lanƙwasasshen marfi da ake rufe gindin fiffike da shi. Kawu yana kiransa karman. Da farko na zaci Zabarmanci ne, ashe sunan mutum ne, Theodore von Karman, wani masani ɗan ƙasar Hangari da ya koyar a Kalifoniya ta Amurka.

Ga amfanin abin. Inda fiffike ya haɗu da gangar jiki akwai lungu. Iskar da ke bin saman fiffike da wadda ke bin gefen jiki a nan suke cin karo, kamar ƙattai biyu a ƙofar zaure ɗaya. Sai ta hargitse, ta riƙa jan jirgin baya, wani sa'in ma ta je ta bugi wutsiya ta sa ta karkarwa. Karman da mutanensa suka yi ta gwaji a farkon shekarun 1930, har da na jirgin Douglas DC-1 wanda ya tashi a 1933, suka nuna cewa in an cike lungun nan da marfi mai santsi, iska sai ta wuce salin alin. Faransawa suka laƙaba wa marfin sunansa, ya bi shi har rumfar Kawu.

Marfin ba ya ɗaukar nauyin kome, shi ya sa na raina shi. Amma fa a ƙarƙashinsa manyan notocin da ke riƙe da fiffike suke, da bututun mai, da wayoyin lantarki. Kafin a rufe sai da Kawu ya leƙa da tocila da ɗan madubi, ya ƙirga kayan aikinmu ɗaya bayan ɗaya, don kada a bar wani abu a ciki. Sa'an nan ya nuna mini yadda ake sa robar baki, wadda ke hana marfin goge fentin jirgi har ya ci ƙarfe. Ya ce a fara daga tsakiya a yi gaba da baya, kowane sukuru a ɗan kama shi kawai, kada a tamke ko ɗaya sai duk sun shiga. Wanda ya tamke na farko, in ji shi, zai tarar ramin ƙarshe ya goce, daga nan sai dole, dole kuwa ita ke tsaga marfi. Akwai ma wata tsohuwar tsaga a gefe, wadda wani bakanike ya huda ɗan rami a ƙarshenta don kada ta ci gaba.

Tun ran da ya kwance marfin ya zana siffarsa a jikin kwali, ya soke kowane sukuru a gurbinsa, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. Ya ba ni kwalin, ya tafi sallar la'asar.

Ina cikin aiki sai ɗaya ya suɓuce, ya yi tsalle, ya ɓace. Na duba ƙarƙashin taya, na share ƙasa da tafin hannu, ko alama. Kunya ta hana ni jiran Kawu, ga ni ɗan jami'a, a ce sukuru ya gagare ni. Na buɗe wani gwangwani na zaɓo mai kama da shi. Kaurinsu ɗaya, sai dai ya fi wancan tsawo da kamar ƙwayar shinkafa. Na murɗa, ya shiga, ya ɗan yi tauri a ƙarshe, na ƙara masa ƙarfi. Da Kawu ya dawo ya bi marfin da yatsa, ya ce, "Madalla." Daga waje kawunansu duk iri ɗaya ne.

Ran Asabar za a gwada jirgin. Matuƙin ya zo da yamma tare da 'yarsa, yarinya ce da ba ta fi shekara 7 ba, tana ta tambaya ko za a tafi da ita. Ya ce mata in an gwada lafiya, Lahadi sai su zaga kogin Kwara tare. Daren nan na yi ta juyi a kan tabarma. In ce wa raina ai ƙwayar shinkafa ce, sai in tuna taurin nan da na ji a hannuna.

Da muka fito masallaci da asuba na ce, "Kawu, akwai magana."

Ya saurara har na gama, bai ce uffan ba. Muka tafi rumfa ko koko ba mu sha ba. Ya haska madubi ta ƙasa tukuna, sa'an nan ya sa na kwance marfin duka. A jikin bututun mai ga wani ɗan tabo yana ƙyalli, bai kai kan allura biyu ba. Ya kama yatsata ya ɗora a kai.

Ya ce, "Ka ji shi? Yau tabo ne. Inji in ya tashi, jirgin duka rawa yake yi, shi kuma wannan ya yi ta ƙwaƙula. Wata ɗaya ko shekara, Allah kaɗai Ya sani. Kuma ba a ƙasa zai huje ba."

Na jira zagi, bai zo ba, da ya zo ma da na fi samun sauƙi. Ya ce ba zai sa hannu a littafin jirgi ba sai an canja bututun. Samun kayan tsohon jirgi kuwa ba nan kusa ba, sai da aka yi mako 3 ana jira. Shi ya je ya gaya wa mai jirgin, ya ce kuskure ne daga rumfarsa, bai ambaci sunana ba. Kuɗin bututun daga ladansa aka cire.

Ran da aka sa sabon bututu na raɓe can gefe da tsintsiyata. Kawu ya gama leƙe-leƙensa, ya ƙirga kaya, ya auna wani sabon sukuru da ɗan'uwansa na ɗaya fiffiken, ya soke shi a gurbin da ya rage a kwali. Sai ya waiwayo ya miƙo mini sukundireba.

Ya ce, "Daga tsakiya."