Bisa Keke Daga Abuja Zuwa Bakin Gurara

Wanda ya ratsa ƙasa cikin mota, titi kaɗai ya sani. Abin da ya sa ke nan da ruwa ya ɗauke, ni da wani abokina muka gyara kekunanmu, muka ɗaure famfo da kayan faci da goran ruwa a kariya, muka nufi Kogin Gurara daga birnin Abuja, da niyyar kwana biyu bisa hanya.

Mun fita da asuba ta hanyar Kubwa. Wannan yanki ba shi da daɗi ga mai keke ko kaɗan, gama titin na motoci ne, kuma direbobi ba su ɗauki mai feda a bakin kome ba. Hankalinmu bai kwanta ba sai da Dutsen Zuma ya bayyana gabanmu kusa da Madalla, inda muka bar Babban Birnin Tarayya muka shiga Jihar Neja.

A Suleja muka yada zango. Ya kamata mai karatu ya tuna wannan gari shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa a 1828 bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya. Da Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta tsai da shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan aka kai can, tsohon garin kuwa ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. A nan ne kuma Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, ta yi aikin ginin tukwane tun daga 1954.

Kashegari muka kama hanyar Minna. Hawa da gangara ne tun daga mararrabar Dikko, ga gonakin doya dama da hagu, ga matan Gwari, watau Gbagyi, ɗauke da itace a kafaɗa kamar yadda suka gada, ba a kai ba. Bayan mun wuce Izom tayar abokina ta baya ta yi faci. Muna cikin fama da ita sai ga wani dattijo ya fito daga gona, ya tsaya yana kallonmu, sa'an nan ya ce, "Samari, ina aka nufa da tsakar ranan nan?" Na ce, "Baba, bakin kogi za mu, can muke so mu kwana." Ya yi dariya har ya dafa fartanyarsa. Ya ce a zamanin iyayensa ba mai hankalin da zai kafa gida kusa da wannan ruwa, balle ya biya kuɗi don ya kwana a can.

Maganar dattijon nan tana da tushe. Akwai wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda wanda ba ya hayayyafa sai a ruwa mai gudu da ƙarfi bisa duwatsu, irin na Gurara da rassansa. Cizonsa yana sa wa mutum wata tsutsa, a fara da ƙaiƙayi, a ƙare da makanta. Shi ne ya kori mutane daga ƙasa mai albarka ta bakin koguna, har ma yana cikin dalilan da suka sa wannan yanki bai cika jama'a ba. Ƙarancin jama'ar kuwa ya sauƙaƙa wa Gwamnati zaɓen wurin a 1976. Tun 1956 aka fara zuba magani cikin kogunan ƙasar Abuja don kashe 'ya'yan ƙudan, amma sauƙi sosai bai samu ba sai bayan 1987, sa'ad da kamfanin Merck ya soma ba da ƙwayar Mectizan kyauta. Dattijon ya ce shi ma ya sha ta shekara da shekaru, kuma mai rabawa da sanda yake auna tsawon mutum kafin ya ƙirga masa.

Da la'asar muka ratse daga titi wajen ƙauyen Bonu. Tun ba mu ga ruwan ba muka ji rugugi kamar na hadari. Kai, abin ya isa kallo! Kogin ya taho a shimfiɗe, sai ya rabu tsakanin baƙaƙen duwatsu ya zubo daga tsawon kamar mita 30, fari fat, feshinsa na tashi kamar hayaƙi. Masu zuwa da rani sukan tarar ya ja baya har a sauka a taka duwatsun. Mu dai ba mu yi gangancin kusantarsa ba.

Masaukin da muka samu ba abin yabo ba ne. Famfon ɗakin ba ya kawo ruwa, alhali ga kogi yana ɓari a bayan taga, kuma daga wannan kogin ne ake janyo ruwa ta bututu zuwa madatsar Usuma don mutanen Abuja su sha. Da bokiti muka yi wanka. Amma an ba mu sakwara da miyar kifi, muka shigar da kekunan cikin ɗaki, muka kwanta cikin gidan sauro, ƙarar ruwa ta sa mu barci.

Da safe mun so mu koma ta Izom da Dobi mu ɓulla Gwagwalada, don mu huta da motoci. Mai masaukin ya girgiza kai, ya ce, "Malam, in kun bi ta nan, kada la'asar ta same ku a daji." Zamanin ya zo da masu satar mutane, ba mu yi masa musu ba. Muka cika gorunanmu, muka ƙara wa tayoyi iska, ƙarfe 6 muna kan sirdi.