Ruwan Agege da dabarar mutanen Holan

Duk wanda ya yi damina biyu a Agege ya san halin da ake shiga. A yi ruwa na awa ɗaya, kwata ta cika ta tumbatsa, dattawa su naɗe wando suna laluben hanyar masallaci. Na haura shekara ashirin a unguwar nan, kuma kullum zancenmu ɗaya ne: gwamnati ta zo ta faɗaɗa kwata.

Ɗan ƙanena da ke karatun tsara birane shi ya ja hankalina ga mutanen Holan. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarsu teku ya fi shi tudu. A 1953 ambaliya ta ci musu rai fiye da 1,800, suka duƙufa gina katangu da madatsai. Daga baya suka gane katanga kaɗai ba ta raba su da ruwa, dole a tanadar masa masauki. A birnin Rotterdam, a 2013, suka buɗe wani fili mai suna Benthemplein, an haƙa shi kamar kwano. Ranar da babu ruwa, yara na ƙwallo a ciki. In aka yi ruwa mai ƙarfi, na kan rufin gidaje da na titi duk can yake gangarawa, har lita miliyan 1.7, ya kwana, sannan a sallame shi a hankali. Wannan fa ya tsaya mini a rai.

Dabarar tasu ai ta iso Legas, sai dai ba ta hawo wajenmu ba. Wanda ya san Bar Beach a da ya san yadda teku ke shigowa har titin Ahmadu Bello. Kamfanin Royal Haskoning na Holan na cikin waɗanda suka tsara katangar duwatsun da ta tare shi, aka cike bayanta da yashi, aka kafa Eko Atlantic. Aiki ya yi kyau, ba musu. Amma mai sayar da goro ko mahaucin Oko-Oba, me zai kai shi can?

Mu kuwa matsalarmu ta sama take zuwa, ba ta teku ba, kuma mun toshe mata ko'ina. Kowane tsakar gida an malale shi da siminti. Mai shago ya ɗora daɓe a kan kwata ya ƙara rumfa. Ledar fiya wata kuwa ba a magana. To ruwan ina zai bi, in ba ɗakunanmu ba?

Ni dai a gidan da nake haya na roƙi mai gida ya bar gefe ɗaya na tsakar gidan ƙasa zalla, muka zuba tsakuwa, muka dasa dogonyaro. Bana ruwa bai taɓa dokin ƙofa ba. Ina so a zaman unguwa na gaba a duba filayen makarantun da muke da su, a ga wanne za a iya zurfafawa ko da taku biyu ne kafin damina ta sake kamawa.