Jirgin Sakkwato Ba a Sakkwato Yake Makara Ba

Duk mazaunin Minanata, ko Mabera, ko Arkilla, da aiki ke yawan kai shi Abuja ya san wata al'ada da ba a rubuta ta a jikin tikiti: ba a ɗaukar jaka a nufi filin jirgi sai an buga waya. Ana neman wani sananne da ke aiki a can, ko abokin tafiyar da ya riga ya isa, a tambaye shi, "Ya taso daga Abuja kuwa?" Wannan tambaya ta fi jadawalin kamfani amfani, domin ta kama bakin zaren. Jirgin da zai ɗauki mutum daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku galibi ba a Sakkwato ya kwana ba, kuma abin da zai makarar da shi ya riga ya faru tun da hantsi a wani gari mai nisa.

A da ana iya cewa wannan damuwar masu hali ce. Yanzu ba haka ba ne. Hanyar mota zuwa Abuja takan bi ta Talata Mafara da Gusau da Tsafe da Funtuwa kafin ta kai Zariya da Kaduna, kuma shekarun nan sun koya wa matafiya abin da waɗansu sassan wannan hanya ke nufi. Jirgin ƙasa bai taɓa isowa Sakkwato ba. Tsohon layin dogo a Ƙauran Namoda ya tsaya. Saboda haka malamin jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke da taro, da lauyan da ke da shari'a, da iyalin da ke kai marar lafiya ga ƙwararren likita, duk sun koma dogaro da tafiyar da ba ta cika wuce awa guda a sama ba. Idan aka soke ta, zaɓin da ya rage shi ne a haƙura ko a shiga hanya da addu'a.

Jirgin fasinja ba ya kawo kuɗi sai yana sama, don haka kamfani yakan jera masa zango biyar ko shida a yini. A ƙaddara ya tashi daga Legas da sassafe zuwa Abuja, ya koma Legas, ya sake dawowa Abuja, sannan ya nufo Sakkwato. A kowace tsayawa ana ba shi abin da bai kai awa guda ba don a sauke mutane da kaya, a share, a zuba mai, a duba shi, a ɗauki waɗansu. Minti ashirin da aka ɓata a Legas ana jiran motar mai, da rabin awar da aka rasa a Abuja saboda an tsayar da zirga-zirga wani babba zai wuce, ba sa ɓacewa. Tarawa suke yi. Kuma da yake hanyar Legas da Abuja ce ke ciyar da kusan kowane kamfani, ita ake bai wa sanyin safiya, garuruwa irin su Sakkwato su samu abin da ya saura na yinin. Idan lissafi ya ƙi, aka ga dole a yanke zango ɗaya, ba sai an yi duba ba kafin a san wanda za a yanke.

Babban kamfani yana da maganin wannan: jirgin ko-ta-kwana da ke tsaye yana jira. Ethiopian Airlines na da jirage sama da 100, idan ɗaya ya samu matsala sai a sauya shi da wani. Mafi yawan kamfanonin Nijeriya kuwa ana ƙirga jiragensu masu tashi da yatsun hannu, kuma adadin da ake talla da shi ya sha bamban da adadin da ke aiki. Dalili shi ne kowane jirgi yana da babban gyaran da ake yi masa bayan kimanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, inda ake kwance sassansa a bincika su ɗaya bayan ɗaya. Aero Contractors na yin irin wannan aiki a Legas ga waɗansu samfura, amma jirage da yawa sai an kai su waje. Kuɗin gyara da dala ake biya, haka kayan gyara, haka inshora, haka hayar jirgi, alhali tikiti da naira ake sayar da shi. Dalar da ke kusan naira 460 a farkon watan Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Jirgin da ya tafi gyaran mako shida sai ya share watanni a can, aikin ya ƙare amma babu kuɗin fanso shi. A 2023 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta sanar da cewa daga Janairun 2025 kamfani mai jigila bisa jadawali sai ya mallaki jirage shida. Manufar a fili take, sai dai doka ba ta haifar da dala.

Kamfanonin Arewa suna da wani tarihi nasu da ya ƙara wa lamarin sarƙaƙiya. Aikin Hajji ne ya raine su. Kabo Air, wanda marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a Kano a 1980, ya yi suna da manyan jiragen Boeing 747 masu kwasar alhazai. Max Air na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal ma da jigilar alhazai ya ginu, sai a 2018 ya shiga zirga-zirgar cikin gida da ƙananan Boeing 737. Jirgi mai kujeru sama da 400 yana da riba a makonnin da Nijeriya ke kwashe dubun-dubatar maniyyata, kuma a lokacin ne filin jirgin Sakkwato ke cika ya batse, dangi na kwana a bakin sansanin alhazai. Amma ba wanda zai ɗora irin wannan ƙato a kan hanyar Sakkwato zuwa Abuja ranar Talatar da babu biki babu Salla. Ke nan kamfani yana iya mallakar jirage bakwai, amma uku ne kawai suka dace da hanyoyin gida. Da hukuma ta dakatar da jiragen 737 na Max Air a Yulin 2023, da kuma lokacin da kamfanin ya tsayar da jigilar cikin gida na wata uku a farkon 2025, garuruwan Arewa ne suka fi jin abin a jikinsu.

Rano Air, da ya fara aiki a 2023, ya zo da wata dabara: jiragen Embraer masu kujeru 50. Cika kujera 50 a Sakkwato ya fi cika 140 sauƙi, don haka hanyar takan iya ɗaukar nauyin kanta. Sai dai matuƙa biyu ne a gaba ko jirgi babba ne ko ƙarami, kuma idan aka raba tsadar tafiya a kan mutum 50, kason kowa ya fi nauyi.

Akwai kuma abin da ya fi ɓata wa fasinja rai: ga jirgi tsaye lafiya ƙalau, ga sarari garau, amma a ce an soke tafiya. Sau da yawa amsar tana wurin ma'aikatan jirgin. Matuƙi ba direban haya ba ne da zai sha goro ya ci gaba. Doka ta ƙayyade masa awoyi. A Turai da Amurka ba ya wuce awa 100 yana tuƙi a cikin kwana 28, ko awa 1,000 a shekara, kuma a tsarin Turai yinin aikinsa ba ya haura kimanin awa 13, yana raguwa gwargwadon yawan sauka da tashi. Dokokin Nijeriya ma a kan irin wannan ma'auni aka gina su. Agogon kuwa yana fara bugawa ne tun da ya iso wurin aiki, ba lokacin da jirgi ya ɗaga ba. Matuƙin da ya sa hannu da asuba a Legas, ya sha jinkirin awa huɗu a hanya, yana iya kaiwa la'asar a Abuja ba shi da sauran lokacin da zai je Sakkwato ya dawo. Ba kuma kowane matuƙi ke iya maye gurbinsa ba, domin lasisin tuƙa 737 daban yake da na Embraer, kuma kowane sai an riƙa sabunta shi da jarrabawa a na'urar kwaikwayon tuƙi duk bayan wata shida, sau da yawa a ƙasar waje, da dala. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya tana yaye matuƙa tun bayan kafa ta a 1964, amma tsakanin sabon matuƙi da kyaftin akwai dubban awoyi, kuma wanda ya kai matsayin, kamfanonin ƙasashen Larabawa na zawarcinsa da albashin da na gida ba za su iya ba. Masu hidimar fasinja ma da ƙa'idarsu: mutum ɗaya ga kowace kujera 50, don su ne za su fitar da jama'a in wuta ta tashi. Rabon lemo da biskit ƙari ne kawai.

Yanayi ma yana da nasa rabo. Hazon hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yakan rufe ido har matuƙi ya kasa hango titin sauka, kuma zafin bazarar Sakkwato da ke haura digiri 40 yana sa iska ta yi sako-sako, jirgi ya buƙaci doguwar tsere kafin ya ɗaga, wani lokaci a rage masa kaya.

Duk wannan bayani zai zama kamar neman uzuri ga kamfanoni in ba don abin da Sakkwato ta gani da idonta ba. Ranar 11 ga Yulin 1991, jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga Jidda da safe ɗauke da alhazai zuwa Sakkwato. Da sunan Nigeria Airways yake tafiya, amma mallakar kamfanin Nationair ne na ƙasar Kanada, an yi hayarsa da matuƙansa da kanikawansa don aikin Hajjin shekarar. Tun kwana huɗu kafin nan kanikawa sun auna tayoyinsa sun ga iskar biyu daga ciki ta gaza ƙa'ida. An shirya sauya tayoyi, aka fasa, saboda jigila ta riga ta makara kuma ana tsoron a rasa fasinjoji. A safiyar tashi babban kanike ya nemi iskar naitirojin da ake hura tayar jirgi da ita, ba a same ta nan kusa ba, jami'in da ke kula da kwangilar kuwa bai yarda a jinkirta ba. Jirgin na cikin gudu a titin tashi taya ta fashe, ta kusa da ita ta bi, ƙarfe ya riƙa gogar ƙasa har wuta ta kama. Matuƙan ba su san da wutar ba, suka naɗe tayoyin zuwa cikin jirgi. Sun juyo don su sauka, amma wutar ta riga ta cinye cikinsa, ya faɗi kafin ya kai titin. Mutum 261 ne a ciki, fasinja 247 da ma'aikata 14, babu wanda ya tsira. Abin da aka ƙi jira a safiyar nan bai fi a nemo tukunyar iska ba.

Shekara 15 bayan haka, ranar 29 ga Oktoban 2006, jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato hadari na haɗuwa. Bai yi nisa ba ya faɗi. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo da ɗansa Sanata Badamasi Macciɗo. Masu bincike sun ɗora alhakin a kan shawarar tashi cikin yanayin da aka san ba shi da kyau, da kuma yadda aka kasa sarrafa jirgin da iska ta juya masa bagatatan. Kwana ya ƙare, wannan babu musu ga mai imani, amma rahoton bincike bai ɓoye sababi ba.

Saboda haka jinkiri iri biyu ne, kuma fasinjan da ke zaune a ɗakin jira ba ya iya bambance su, tun da kalma ɗaya ake sanar da su da ita, wai "dalilan aiki". Akwai jinkirin kaniken da ya ƙi sa hannu, ko kyaftin ɗin da ya dubi sama ya ce a dakata, ko wanda awoyinsa suka cika ya ƙi ƙarawa. Akwai kuma jinkirin kamfanin da ya sayar da tikitin hanyoyi takwas alhali jirage uku gare shi, ya san tun jiya ba zai iya zuwa Sakkwato ba, amma ya yi shiru har mutane suka biya kuɗin mota zuwa filin jirgi suka yini da yunwa. Na biyun shi ya cancanci fushi, kuma haɗarinsa ya wuce ɓata lokaci, domin shi ke haifar da matsin da ke danne na farkon. Idan jirgi ɗaya ne ke riƙe da rabin jadawalin kamfani, kaniken da ya ce a tsayar da shi ya san waya za ta yi ta ƙara daga ofishin manya, ya kuma san albashin wata na iya dogara da tashin nan.

Hayaniyar da ake yi a gaban kanta takan sauka ne a kan matashiyar da ke duba tikiti, wadda ba ta da jirgi ba ta da dala, ita ma sau da yawa ba a gaya mata gaskiyar abin da ke faruwa ba. Waɗanda ya kamata a tuhuma suna Legas da Abuja da Kano, su ne masu tsara jadawali, kuma tambayoyin da za a yi musu ba su da wuya: jirage nawa ne ke tashi a wannan mako, nawa ke wurin gyara, ƙarfe nawa aka san ba za a zo ba, yaushe za a mayar wa mutane kuɗinsu. NCAA na da sashen kare haƙƙin fasinja da ke karɓar ƙorafi a rubuce, kuma a ƙa'idarta wanda aka soke wa tafiya yana da damar karɓar kuɗinsa ko a sauya masa wani jirgi. Mafi yawan Sakkwatawa ba sa rubutawa. Sukan ce Allah ya sa haka ya fi alheri, su koma gida, washegari su sake buga waya su tambaya ko ya taso daga Abuja.